Kyaftin Ɗin Ɗakinmu Ce Yayarsa

Masu karatu, yau sai kun yi haƙuri da ni, don a fusace nake wannan rubutun. Layin farko kaɗai na goge shi ya fi a ƙirga, duk abin da na rubuta sai in ga zagi ne ya fito.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Auta a gidanmu. Ina aiki a wani shagon magani da ke bakin titi, daga safe zuwa la'asar ina bayan kanta ina miƙa wa mutane maganin mura da na ciwon baya. Akwai kuma wanda nake so, ba zan ɓoye muku ba. Mai Sola ake ce masa a gidanmu, tun ranar da ya hau rufinmu ya kafa mana farantan sola, ya sauko da ƙura har gira ya roƙi ruwan sha, aka aike ni na kai masa. Daga wannan ruwan ne batiranmu suka zama marasa lafiya, kowane mako sai ya zo duba su. Shi kuma Likita yake ce min, duk da ya san ko allura ban iya ba.

Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Magana ta yi nisa tsakaninmu, manya sun shiga, abu ɗaya ya rage: yayarsa ta zo ta gan ni. Iyayensu sun rasu tun yana makaranta, ita ta zame masa uwa ta zame masa uba, Anti Babba yake ce mata. Ta daɗe ba ta gari, tana can inda mijinta yake aiki, sai watan jiya suka dawo. Tun farko kuma ya faɗa min cewa in an yi aure a gidanta za mu zauna, akwai wani sashe a baya, ɗaki biyu da falo, har ya yi masa fenti kalar da na zaɓa. Na ce masa babu damuwa. Da bakin nan nawa na faɗa, ina murmushi kuma.

Ranar Asabar ɗin da za ta zo, Mama ta tashe ni tun gari bai gama wayewa ba. Aka sauya labulen falo, aka goge har bayan talabijin, aka fito da kofunan gilashin nan na cikin kabad waɗanda tun ina ƙarama ban taɓa ganin bakin mutum a kansu ba. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ta sa ni gaba a kan maganar kaya.

"Cire wannan, ta kama ki da yawa. Dangin miji za ki gani, ba ƙawayenki ba."

"Gwaggo, ɗazu fa kika ce waccan ta yi min buhu."

"Wancan ɗazu ne. Cire."

A ƙarshe dai muka daidaita a kan wata doguwar riga ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, da farin mayafi. Jan-bakin da na shafa ma sai da ta sa na goge rabinsa da tishu. Ina cikin jera lemo da ruwa a kan tire saƙonsa ya shigo.

"Likita, mun taso. Ki saki jikinki. Anti Babba ba ta da matsala in dai an bi ta a hankali."

Da ina da wayo, da na tsaya na sake karanta ƙarshen saƙon nan. Amma ni hoton zuciya na tura masa.

Ba a jima ba na ji mota ta tsaya, an buɗe ƙofa an rufe. Sai na ji an ƙyasta yatsu sau biyu, ƙas, ƙas, wata murya ta biyo baya.

"Kai, ledar da ke baya. Sai na faɗa?"

Wallahi da tire a hannuna na kasa kunne. Hotonta da ya taɓa nuna min, ta yi ƙiba, ga wani baƙin tabarau ya cinye rabin fuskar, ban ga komai a cikinsa ba. Amma wannan ƙyastawar da wannan muryar, ko a barci aka yi min su sai na miƙe tsaye.

Bari in mayar da ku baya kaɗan, in ba haka ba za ku ce aljanu gare ni.

Ina da shekara goma sha ɗaya Baba ya kai ni makarantar kwana ta 'yan mata. Ba zan manta ranar ba: baƙin akwatin ƙarfe, shuɗin bokiti, tsintsiya da 'yar fartanya, da sabuwar katifa ko ledarta ba a cire ba. Ɗakin kwananmu dogo ne kamar sito, gadaje masu hawa biyu a jere hagu da dama, ƙamshin man shafawa da warin jiƙaƙƙen tawul sun haɗu sun zama iskar wurin. Kowane ɗaki yana da shugaba daga 'yan ajin ƙarshe, Kyaftin ake ce mata. Duk abin da ta faɗa a ɗakin nan ya zauna, ko metiron, matar da aka ajiye don ta kula da mu, ba ta tayar da shi.

Akwai wani abu da ake yi a Asabar ta farko. Sai a jera sababbin ɗalibai a tsakar ɗaki, kowace da akwatinta a buɗe a gabanta, manya su bi layi suna zaɓar 'yar ɗaki, wato ƙaramar da za su riƙe. Mu a lokacin mun ɗauka fuska ake kallo, har ina gyara wuyan rigata. Ashe akwati ake kallo. Mama kuwa, baiwar Allah, ta cika min nawa har murfin ba ya rufuwa sai an zauna a kai: manyan gwangwanayen madara, sukari, biskit, sabulu mai ƙamshi, man shafawa. Kyaftin ce take fara zaɓa. Ta zo gabana ta tsaya, ta sa ƙafa ta ɗan ɗaga kayan sama, ta ƙyasta yatsu.

"Wannan tawa ce."

Ta rufe akwatin da kanta, ta zare makullin ta zura a igiyar da ke wuyanta. "Ajiya ce," ta ce min, "ɓarayi sun yi yawa a ɗakin nan." Ni kuma na durƙusa na ce na gode. Har yau in na tuna wannan godiyar sai in ji kamar in mari kaina.

Daga ranar na zama ƙafarta na zama hannunta. Da asuba ni ce a layin famfo da bokitinta, nawa sai in lokaci ya rage, in bai rage ba in shafa ruwa a fuska in tafi aji. Wankinta ni, gugarta ni, karɓo abincinta ni. Bayan cin abincin rana ana tilasta wa kowa barci, amma ban da ni, don ina tsaye a gefen gadonta da guntun kwali ina yi mata fifita. In hannuna ya gaji na sassauta, ko ido ba ta buɗewa, yatsu kawai za ta ƙyasta in ci gaba. Dokokin kuwa jiki ne yake haddace su: ƙarama ba ta ganin babba da kaya a hannu ta ƙyale ta, sai ta ruga ta karɓa. Ba ta zama in babba tana tsaye. In an yi mata magana, hannuwa a baya, kai a ƙasa, "Na'am, Siniya." Madarata da uwata ta saya min, sai na tsaya a bakin gadonta na roƙa, in ta ga dama ta zuba min cokali ɗaya a tafin hannu in lashe.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi ci min rai ba. Ranar ziyarar iyaye ce. Ranar nan Kyaftin takan tashi wata mutum daban. Ita za ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi min kitso a hankali, ta goge min kayan makaranta da hannunta, ta shafa min man nan nawa da na daɗe ban gani ba, sannan ta riƙo hannuna har gindin bishiyar da Mama ta shimfiɗa tabarma. Ta durƙusa ta gaishe ta cikin wata murya mai laushi da ban san tana da ita ba. Tun daga zuwan Mama har tafiyarta hannunta yana kan kafaɗata. Mama ta yi ta sa mata albarka, ta ɗauki jakar kayan da ta kawo min ta danƙa mata.

"Ki riƙe mata, 'yata. Ke kika san yadda za ki lallaɓa mata su, ita ba ta da tattali."

Da muka zo hutu na gwada faɗa sau ɗaya. Mama ta kalle ni ta ce, "Yarinyar da take yi miki kitso da hannunta? Ke dai ba ki da godiya, Auta." Daga nan na rufe bakina.

To, wannan ita ce matar da ta yi sallama a ƙofar falonmu ranar Asabar, cikin leshi ruwan zuma, awarwaro har gwiwar hannu, tabarau a ɗage a goshi, turarenta ya riga ta shigowa. Ƙaramar jaka ce a hannunta, wadda ko yaro zai ɗauka da yatsa ɗaya.

Masu karatu, ku yarda da ni, ban yanke shawarar komai ba. Kafin hankalina ya dawo na dire tire, na isa gabanta, na karɓi jakar da hannu biyu na ajiye a kan kujera, na koma gefe na tsaya, hannuwana a baya, idona a kan kafet.

"Ke ce amaryar tamu?" ta ce.

"Na'am, Siniya."

Ni da na gama makaranta, nake da aikina, nake yi wa manyan mutane faɗa in sun sha magani ba bisa ƙa'ida ba. Ni ce bakina ya faɗi wannan.

Ta matso ta ɗago haɓata da yatsa, ta ƙura min ido, sai ta saki wata ƙara har Gwaggo ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! 'Yar ɗakina! Wallahi 'yata ce ta makaranta!"

Mama ta taso tana gyara mayafi tana leƙa fuskarta. "Tsaya, tsaya. Kyaftin? Kyaftin ɗin Auta?"

"Ni ce, Mama!"

Suka rungume juna, Mama har da hawaye. "Allah mai iko! Yarinyar kirki, kullum in na tuna ki sai na yi miki addu'a. Ashe rabon za mu zama ɗaya ne." Mai Sola yana tsaye a bakin ƙofa da leda a hannu, bakinsa har kunne, yana kallona kamar wanda ya kawo min kyautar da ban taɓa samun irinta ba.

A kujerar Baba ta zauna, wadda ko Gwaggo ba ta zama a kai. Ni kuwa ina nan tsaye kamar an dasa ni, sai da ta ce, "Zauna mana," sannan ƙafafuna suka yarda, a bakin kafet ma na zauna. Gwaggo ta zunguri Mama tana raɗa, amma kowa ya ji: "Kin ga tarbiyya ko? Ashe tana da ita, mu ne take rainawa."

Ta kurɓi lemo a kofin gilashin nan ta ajiye. "Mama, ai ni bincike ya ƙare. Wannan da hannuna na raine ta. Ba ta musu, ba ta ɗaga ido, in ka sa ta aiki sai ka ce ta bari. Wallahi tun da yaron nan ya zo min da maganar aure nake fargabar wa zai kwaso min ya sa min a gida. 'Yan aiki duk sun gagare ni, ga yara, ga girki, ga mijina ba ya cin abincin kowa. Yanzu kam hankalina ya kwanta."

"Ai taki ce," in ji Mama. "Duk yadda kika yi da ita daidai ne."

Na ɗaga ido na kalli Mai Sola ko zai ce wani abu. Yana ta gyaɗa kai.

Da a nan ta tsaya, da wataƙila na haɗiye. Sai ta tafa hannu tana dariya tun kafin ta fara.

"Mama, ta taɓa ba ku labarin katifa?"

Bari ni in ba ku shi yadda ya faru, kafin ku ji nata. Da damina ne. Banɗakinmu yana waje, bayan ɗakin kwana, kuma in an kwanta Kyaftin ce take kulle ƙofa ta riƙe makulli. Duk mai son fita sai ta tashe ta. Ni kuwa na taɓa tashinta sau ɗaya, na san abin da na gani. Na matse, na matse, barci ya ɗauke ni. Da gari ya waye katifata a jiƙe. Na yi ƙoƙarin rufawa da zanin gado, amma yarinyar da ke kwana a gadon ƙasana ta riga ta kai ƙara. Kyaftin ta sa aka ɗora min katifar a ka, ta sa ni gaba na zagaya ɗakunan kwanan makarantar kaf, 'yan mata suna biye da ni suna buga bokitai suna waƙa. Abin yana ɗiga ta wuyana yana shiga rigata. Metiron ta leƙo ta taga ta mayar da labulenta. Kyaftin shekara ɗaya muka yi ta gama ta tafi, amma sunan da ta bar min, Mai Katifa, da shi na gama makarantar. Har malamai da shi suke kirana.

Nata labarin kuwa gajere ne, mai daɗi, har da kwaikwayon tafiyata da katifa a ka. "Magani ɗaya na yi mata, Mama. Daga ranar ba ta sake ba!"

Mama ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi. Gwaggo ta kwanta a jikin kujera. Mai Sola ya sa hannu ya rufe baki, amma kafaɗunsa suna rawa. Ni ma, Allah ya isa tsakanina da fuskata, murmushi na yi.

Motarsu tana barin ƙofar gida na cire mayafin na jefar a kan kujera.

"Mama, ni ba zan zauna a gidan matar nan ba."

"Wace matar?"

"Wadda ta tafi yanzu. Azzaluma ce. Shekara guda ta yi tana bautar da ni, kayan da kike kawo min ita take cinyewa, ina ji ina gani."

Gwaggo ta riƙe baki. "Ji min 'yar banza. Yanzu-yanzu kika gama rawar jiki a gabanta, wa ya sa ki? Mu muka ce ki karɓi jaka?"

"Ba da son raina ba ne!"

"To da ran wa?"

Tambayar ta ƙara tunzura ni. Ta yaya zan bayyana wa matar da ba ta taɓa kwana a makaranta ba cewa jiki yana da nasa tsoron?

Mama ta zauna tana tattara kofuna. "Auta, abin yarinta ne. Wa ba a yi wa ba? Wasu suna shiga gidan da ba wanda ya san su, ke Allah ya haɗa ki da wadda ta san ki tun kina ƙarama, har tana murna da ke. Sa'anninki duk suna ɗakunansu, wasu da goyo. Kin samu yaro mai hankali, yanzu kuma za ki tono abin da ya wuce ki ɓata?"

"Bai wuce ba, Mama. Ba ki ji abin da ta ce ba? 'Yar aiki take nema."

"In da gaske an yi miki duk wannan, me ya hana ki faɗa a lokacin?"

"Na faɗa miki! A kicin, kina yanka albasa, kika ce ba ni da godiya."

Ta kalli sama. "Ni kam ban tuna ba."

Duk abin da aka yi ranar, wannan ne ya fi yi min ciwo. Na shige ɗaki na rufo ƙofa. Ko zama ban yi ba wayata ta yi ƙara, saƙon Mai Sola ne.

"Likita Mai Katifa," da fuskar nan mai dariya har da hawaye, guda uku a jere. Wani saƙon ya biyo baya: "Anti Babba tun a mota take yabonki. Ta ce ko gobe a ɗaura. Kin ga yadda Allah yake abinsa?"

Ban amsa ba ranar. Washegari da la'asar, bayan na yi sallah na ɗan huce, na zauna a bakin gado na danna maɓallin murya na fara magana. Na faɗa masa komai: makullin akwati, fifita, cokalin madara, hannun da ke kan kafaɗata ranar ziyara, da katifar yadda take a gaskiya. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har da yadda na riƙa ƙin shan ruwa daga la'asar har na gama makaranta. Na yi kuka a ciki, ban goge ba. A ƙarshe na ce, "Ina son ka, ka sani. Amma ka nema mana wani gida, ko ɗaki ɗaya ne. Ba zan iya komawa ƙarƙashinta ba. Wannan maganar tsakanina da kai ce."

Na ga alamar ya saurara. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. A raina ina cewa yau zan ga namijin da na zaɓa.

"Subhanallahi. Likita, ban san abin ya kai haka ba, ki yafe min dariyar da na yi. Na tura wa Anti Babba don ta ji da kunnenta, ku fahimci juna."

Na karanta, na sake karantawa.

"Ka tura mata? Muryata? Da kukana?"

"Ai ba na ɓoye mata komai. Kuma kin ga gara a gyara tun yanzu."

Na kashe wayar gaba ɗaya, don in na bar ta a kunne abin da zan rubuta ba zai gyaru ba.

Litinin da safe ina shago, cikin farar rigar aiki, mai shagon ya tafi sarin kaya. Wani dattijo yana gabana yana ta yi min bayanin gwiwarsa, ina nuna masa man zafi, sai na ga ƙofar gilashi ta buɗe. Ita ce, yau babu leshi babu awarwaro, baƙar doguwar riga ce kawai da mayafi. Mai Sola yana bayanta, cikin kayan aikinsa, kamar wanda aka ɗauko daga kan rufin mutane. Ta zauna a bencin masu jira har dattijon ya gama ya fita. Ƙafafuna suna ta ja na in zagayo in gaishe ta. Na kama bakin kanta da hannu biyu na riƙe gam.

Ta taso ta tsaya a gabana. Idanunta sun yi ja, ban sani ba ko kuka ne ko fushi.

"Na saurara," ta ce. "Ashe mugunta na yi miki."

Na ce, "Mugunta ce."

"Ni da na shiga makarantar nan, wadda ta zaɓe ni, da hannu ta sa ni wanke banɗaki, babu tsintsiya. Ban kai ƙara ba, ban riƙe ta a rai ba. Haka muka tarar, haka aka yi wa kowa. Ke kin san me ya sa babu wata babba da ta taɓa aikenki ko ta ɗaga miki hannu? Saboda ke tawa ce. Waɗanda ba su da uwar ɗaki, kin manta yadda ake rabon su kamar nama?"

Ban manta ba. Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ta ƙara ba ni haushi.

"Shekarata goma sha ɗaya fa," na ce.

"Ni ma nawa nake? Yarinya ce ni ma!"

"To shekaranjiya fa, a falonmu, gaban uwata da gaban wanda zan aura? Nan ma yarinya ce ke?"

Tun da na san ta ban taɓa ganin ta rasa abin faɗa ba sai ranar. Firijin magani yana ta ƙugi a bayana.

Ta ja numfashi ta gyara mayafi. "Ni wallahi na ɗauka kina so na. Ko'ina nake ba da labarinki. In haƙuri kike so, na ba ki, a wuce wurin." Ta faɗe shi kamar mai miƙa canji. "Amma maganar wani gida, ki cire ta a ranki. Na rasa uwa, na rasa uba, wannan yaron kaɗai ya rage min. Ba zai kwana a inda idona ba ya kai ba. Duk wadda za ta aure shi, a gidana za ta zauna. In kin iya, bismillah. In ba ki iya ba, tun yanzu kowa ya kama gabansa."

Ban amsa mata ba, don ba ita zan aura ba. Na juya na kalle shi. Yana tsaye kusa da ma'aunin nauyi, yana murza makullin mota a hannu, gumi a goshinsa duk da fanka tana kansa. Tun da muke, in ban da wannan maganar gidan, ban taɓa roƙonsa komai ba, ko katin waya.

"Kai nake tambaya," na ce. "Za ka nema mana wani gida, ko ba za ka nema ba? E ko a'a."

"Likita, don Allah, mu bi abin a hank..."

"E ko a'a."

Ya buɗe baki, na ga maganar ta taho har leɓensa, ina jira. Sai ya juya a hankali ya kalle ta.

Ni na yi tambayar, amma a fuskarta yake neman amsar.